SANA'AR SHARA DA TSABTACE WURI: DARASI DAGA KASUWAR SHANU TA POTISKUM

Duk wanda ya san harkar dabbobi a ƙasar nan ya san Kasuwar Shanu ta Potiskum, a Jihar Yobe, domin kuwa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Garin yana kan mahaɗar hanyoyi ne. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta cikinsa, hanyoyin Bauchi da Gombe da Gashuwa kuma duk nan suka nufo. Ranar Laraba ce babbar ranar kasuwar. Tun ana jajibere ake ta shigowa da shanu da tumaki da awaki daga ƙasar Barno da sauran sassan Yobe, har da Nijar da Cadi, kuma kafin a ankara manyan motoci sun yi lodi sun kama hanyar Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal.

Akwai abin da ba ya shiga mota, shi ne kuwa abin da wannan darasi ya shafa. Babban sa yakan zubar da kashi kilo 10 ko fiye a kwana guda. Idan aka tsayar da shanu 1,000 a fili ɗaya daga safiya zuwa wata safiyar, za su bar wa filin tan 10 na kashi, ban da fitsari, da sauran harawa da ciyawar da aka tattake, da guntayen igiya, da ledar ruwa da ta abinci wadda ɗimbin jama'a suka yar. Ga wanda bai san sana'a ba, wannan duk ƙazanta ce. Mai sana'ar shara kuwa ya kamata ya ga kuɗi iri biyu a wurin, wato ladan kwashewa da kuma farashin abin da aka kwashe. Aiki ba ya yankewa a irin wannan kasuwa. Abin da ke karya mai sana'ar shi ne rashin sanin wanda zai biya shi, da sakaci da lokaci, da rashin rubuta lissafi.

WANE NE ZAI BIYA?

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafawa da kula da kasuwanni, da mayanka, da tashoshin mota, da makewayin jama'a, da kuma kwashe shara. Bisa ga haka Ƙaramar Hukuma ce mai fili, kuma ba ya halatta ga kowa ya kafa sana'a a cikinsa sai da izninta. A matakin jiha kuma akwai Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Yobe.

Wannan ne ke sa sababbin shiga su zaci cewa matakin farko shi ne neman kwangilar hukuma. Kuskure ne mai tsada. Kuɗin hukuma, a ko'ina ne, sai sun bi matakai: a duba aiki, a rubuta takarda, a sa hannu, sa'an nan a jira. Lebura kuwa da yamma yake son haƙƙinsa, mai sayar da man fetur ma ba ya karɓar takardar kwangila a maimakon kuɗi. Wanda ya karɓi babbar kwangila ba shi da abin biyan ma'aikatansa na wata uku a hannu, to, ya shirya cin bashi, kuma ribar da ya hango wa kansa wani ne zai ci.

Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da masu biya hannu da hannu. Direban da za a wanke wa mota, da mahaucin da za a wanke wa dandamali, da mai abincin da za a kwashe wa shara daga gaban rumfarta, da baƙon da ke neman wurin wanka, duk nan take suke biya. Idan sana'ar ta kafu, sai a nemi shugabannin dillalai, da Sarkin Fawa, da ƙungiyar direbobi, a yi yarjejeniya da ƙungiya gaba ɗaya a kan kuɗin kowace kasuwa, mutum guda ya riƙa tarawa yana miƙawa. Bin dillalai ɗai-ɗai ana neman kuɗin shara a tsakiyar ciniki ɓata lokaci ne, yana kuma zubar da mutunci. Kwangilar hukuma ta zo a ƙarshe, lokacin da sana'ar za ta iya jure wa jira.

KIYAYE LOKACI

Ƙuda ne ke tsara wa mai shara kwanakin aikinsa. Macen ƙuda takan saka ƙwai kimanin 100 a lokaci guda, kuma ba ta da wurin da ta fi so kamar ɗanyen kashin dabba. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa cikakken ƙuda ba ya wuce kwana 7 zuwa 10. Ma'anar wannan ga kasuwar mako-mako a fili take: kashin da aka bari ranar Laraba shi ne zai ƙyanƙyashe ƙudajen da za su sauka a kan nama da fura da tuwon kasuwa mai zuwa, ɗauke da ƙwayoyin gudawa da atuni. Saboda haka ranar Alhamis da safiyar Juma'a su ne manyan ranakun kwashewa. Sharar da aka yi ranar Talata don ganin idon masu zuwa ta makara, domin tsutsa ta riga ta shige ƙasa.

Tun zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda aka ƙaddamar a watan Maris na 1984, aka kuma buɗe sashensa na tsabtar muhalli a Kano cikin 1985, jama'a suka saba da sharar gayya sau ɗaya a wata. Ta yi amfani a unguwanni, amma ba za ta wadatar da wurin da ake tara shanu sau huɗu a wata ba. Wannan giɓin ne ya zama abincin mai sana'a.

Ranar kasuwa kanta ba a shara da tsintsiya a tsakanin shanu. Aikin ranar shi ne tsince leda da kula da makewayi. Litinin da Talata kuma na yashe magudanan ruwa ne da gyaran kayan aiki.

Yanayin shekara ma yana sauya aikin. Da hunturu da bazara kashi yana bushewa da wuri, yana da sauƙin ɗauka, sai dai ƙura, don haka a yayyafa ruwa kafin a sa manjagara. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, fili yakan zama dagwalo, baro yana kafewa, abin da mutum huɗu ke yi da rani sai ya nemi shida. Lalle ne a gama yashe magudana tun cikin watan Mayu, kuma kada a karɓi farashin rani a kan aikin damina. Haka nan makonnin da ke gaban Babbar Salla, lokacin da raguna ke cika kasuwa, suna bukatar ƙarin hannu, a tanade su tun da wuri.

TAKI HAJA CE

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa a mai da shara dukiya. Shekaru aru-aru manoman karkarar Kano suna shigowa birni da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da takin gari, kuma da wannan ne gonakin kewayen birnin suka jure wa noma shekara da shekaru ba tare da an hutar da su ba. Ƙasar kewayen Potiskum mai rairayi ce, ba ta riƙe ruwa sosai. Takin dabba ba ya kai takin zamani ƙarfin sinadari, gaskiya ne, domin takin yuriya kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa sinadarin da ke sa ganye kore ne, busasshen kashin shanu kuwa da ƙyar yake kai kashi 2. Amma yana yi wa ƙasa abin da takin zamani ba ya yi, wato yana ba ta jiki, ta riƙe laima. Tun da farashin takin zamani ya hau bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, manoma sun ƙara sanin darajarsa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin tulin shara da taki na sayarwa, kuma a cikin wannan bambanci ribar take. Matakin farko shi ne rarrabewa tun a wurin kwasa. Leda, da igiyar roba, da ƙusa, da fasasshiyar kwalba, kada su shiga tulin. Manomin da ya watsa taki ya tarar da gonarsa ta cika da leda ba zai sake saye ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa. Ita ledar ma cuta ce ga dabba, mahauta sun sha fito da dunƙulenta daga tumbin saniyar da ta rame ba a san dalili ba.

Mataki na biyu shi ne rufe tulin ya ruɓe. A samu fili bayan kasuwa, nesa da rijiya da gidajen mutane, inda ruwan sama ba ya kwanciya. A jera kashi da ragowar ciyawa da harawa hawa-hawa har tsawon ƙirjin mutum, a jiƙa shi daidai yadda in an damƙa zai dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, sa'an nan a rufe da ƙasa ko tsofaffin buhuna. Cikin 'yan kwanaki cikinsa zai ɗauki zafi, har ya haura digiri 55, kuma wannan zafin ne ke kashe ƙwan ƙuda da irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A riƙa juya shi bayan kowane mako biyu ko uku, na gefe ya koma tsakiya. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warinsa ya tafi, ya yi laushi. Mai gwadawa ya soka sanda a tsakiyar tulin ya bar ta ɗan lokaci: in ta fito da ɗumi, aiki na tafiya, in ta fito da sanyi tun da wuri, tulin ya bushe ne ko ya jiƙe da yawa.

Ɗanyen kashi kusan kashi huɗu cikin biyar nasa ruwa ne. Wanda ya ɗauki hayar tifa ya kai shi ƙauye ɗanye, kuɗin jigilar ruwa ya biya. Wanda ya bari ya ruɓe ya ragu, ya zuba a buhu, zai kai kaya kaɗan masu daraja. Kasuwar taki sau biyu take tashi a shekara: Afrilu da Mayu ga masu gero da dawa da wake, sai kuma Oktoba da Nuwamba ga masu lambu da noman rani a fadama. Mai hankali yakan tara ya jira waɗannan lokuta maimakon ya karyar da kayansa a tsakiyar damina.

Abu ɗaya ya rage, shi ne kuwa ya fi jawo rigima. Muddin kashi yana zube a ƙasa ba mai cewa nasa ne. Ranar da aka ga an ɗinke shi a buhu ana karɓar kuɗi, masu shi za su yi yawa. Don haka tun ranar farko a rubuta cikin yarjejeniya cewa abin da aka kwashe na mai kwashewa ne, ko kuma a faɗi kason kowa, a gaban shaidu.

WANKIN MANYAN MOTOCI

An san Potiskum da yawan masu manyan motoci, kuma motar da ta kai shanu Kudu takan yi kwana biyu ko uku a hanya, dabbobi na tsaye a kan yashin da aka shimfiɗa musu, suna kashi da fitsari. Ita wannan motar ce za ta ɗauki wasu shanun, ko kuwa wake da gero. Idan akwai mai ciwo a cikin lodin farko, motar ta zama masinjan cuta.

Abin da ya faru a Ingila cikin 2001 ya isa misali. Ciwon baki da ƙafa, wanda makiyaya a nan ke kira boru, ya bi ta kasuwannin dabbobi da motocin jigila ya watsu kafin a farga, har sai da aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6 kafin a shawo kansa. Daga nan aka tsaurara dokar wanke motocin dabbobi da fesa musu magani a ƙasar. A nan gida ma, tsofaffin makiyaya ba su manta da bushiyar 1983 ba. An kawar da bushiya daga duniya, an bayyana haka a 2011, amma boru da ciwon huhun shanu suna nan.

Wanki na ƙwararru yana da jeri, kuma ba a tsallake mataki. Da farko a kankare yashi da kashi da shebur tun motar tana bushe, a kai su tulin taki. Sa'an nan a wanke da ruwa da garin sabulu da burushi, daga sama zuwa ƙasa, har da lungunan ƙarfe da ƙarƙashin mota da tayoyi. A ɗauraye. Sai a ƙarshe a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya zauna aƙalla minti 10, a bar motar ta bushe. Dalilin wannan jeri shi ne ƙazanta tana cinye ƙarfin magani. Wanda ya kwara ruwan kulorin a kan kashi ya yi hasarar kuɗinsa, ya kuma yaudari direba da ƙamshi.

Ga ma'auni. Ruwan bilicin kasuwa mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, idan aka zuba awo 1 nasa a cikin awo 6 na ruwa, zai ba da haɗi mai ƙarfin 0.5 cikin ɗari, wanda ya dace da daɓe da dandamali. A duba ƙarfin a jikin kwalba, domin ba duka suke daidai ba, kuma a haɗa sabo kullum, saboda rana tana kashe shi. Kulorin yana cin ƙarfe, don haka a ɗauraye jikin mota bayan ya gama aikinsa. Domin boru, sodar wanki ta fi dacewa, giram 40 a cikin lita guda ta ruwa. Kada a kuskura a gauraya bilic da ruwan wankin masai mai asid, ko da wani sinadari daban, domin hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu.

Ruwa ne babban abin kashe kuɗi a wannan reshe, saboda haka kankarewa da kyau tun farko tana rage yawan ruwan da za a saya. Ruwan wankin kuma kada a sake shi ya bi titi ko ya gangara wurin shan dabbobi. A haƙa masa rami mai tsakuwa inda zai tsume.

MAYANKA DA MUSHE

Dokar mayanka gajeruwa ce: a wanke da zarar an gama yanka, kafin jini ya daskare, kuma a tsare jini da abin cikin tumbi kada su toshe kwata. Abin cikin tumbi taki ne mai kyau. Jini da ƙashi da ƙaho kuma suna da masu saye, amma bisa al'ada na mahauta ne, kada mai shara ya sa hannu sai da yardarsu.

Mushe kuwa ba aikin mai shara ba ne shi kaɗai. Idan dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura, ana tsoron ciwon saifa, irin wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja cikin Yulin 2023. Ciwon yana kama mutum, kuma ƙwayarsa tana rayuwa a cikin ƙasa shekaru da dama, zafin tulin taki ba ya kashe ta. Kada a feɗe, kada a ja gawar a ƙasa, kada ƙasar wurin ta shiga taki. A kewaye wurin, a kira malamin dabbobi, a bi abin da ya ce.

GIDAN WANKA DA MAKEWAYI

Fatake da direbobi da yaran mota sukan kwana a kasuwa, kuma kowannensu yana bukatar ruwa da wurin kewayawa. A Indiya, ƙungiyar Sulabh, wadda Bindeshwar Pathak ya kafa a 1970, ta nuna cewa talaka yana biyan kuɗin makewayi da son ransa matuƙar ya same shi da tsabta. A Nijeriya Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da yin bayan gida a fili cikin 2019, kuma a 2022 maƙwabciyar Yobe, wato Jigawa, ta zama jiha ta farko da aka bayyana ta rabu da ɗabi'ar. Wannan reshe shi ne ya fi kawo kuɗin yau da kullum, sai dai yana neman jari da izni. A nisanta ramin da rijiya aƙalla mita 30, a ware wa mata ɓangarensu da ƙofarsu, a ajiye sabulu a bakin fita. Kada a bari ruwa ya yanke ko na sa'a guda ranar kasuwa.

LISSAFI

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai sana'a ya sayi littafi biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, ya kuma buga rasit. Kowane reshe a ba shi shafinsa, domin a gane wanda ke ciyar da sana'ar da wanda ke cinye ta. Sau da yawa wankin mota ne ke cika aljihu da yamma, amma in aka cire kuɗin ruwa da mai da sabulu sai a ga taki, wanda ba a ganin kuɗinsa sai sau biyu a shekara, ya fi shi riba.

Kafin a faɗi farashin kowane aiki a fara lissafa ladan ma'aikata, da ruwa, da mai, da magani, da hayar mota, da kuɗin izni. Akwai kuma abin da aka fi mantawa, wato tsufan kayan aiki. A ɗauka, alal misali, an sayi injin feshin ruwa a kan Naira 240,000, ana sa ran zai yi shekara 2, wato kasuwa kimanin 100. Kowace kasuwa ke nan tana cin Naira 2,400 daga jikin injin, ko an gani ko ba a gani ba. Wanda bai ware wannan kuɗi duk mako ba yana cin jarinsa ne yana kiransa riba, kuma ranar da injin ya tsaya sana'ar ta tsaya. Haka ake lissafa baro da shebur da tiyo. Shi kansa mai sana'ar ya yanka wa kansa albashi, ya tsaya a kansa, kada aljihun gida da na sana'a su zama ɗaya.

Game da sayen kaya, babu bukatar gaggawa. Baro huɗu, da shebur da manjagara, da hayar amalanke ko tifa ranar Alhamis, sun isa farawa. Sayen mota kafin a sami aikin da zai cika ta kwana biyar a mako ɗaure jari ne a kan tayoyi.

Karya farashi don a ƙwace aiki daga hannun wani ma haɗari ne. Wanda ya karɓi aiki ƙasa da abin da zai kashe, dole ya rage magani ko ya danne haƙƙin lebura, kuma duka biyun ba sa ɓoyuwa a kasuwa.

MA'AIKATA

Ba a raina mai shara sai a inda ubangidansa ya fara raina shi. A ba kowane ma'aikaci riga mai alamar sana'ar, da takalmin roba mai tsawo, da safar hannu mai kauri, da takunkumin rufe hanci, a kuma tilasta amfani da su. Cutar sarƙe haƙora tana zaune cikin ƙasa mai kashin dabba, ƙusa ɗaya ta isa ta shigar da ita, don haka a kai kowa asibiti a yi masa allurar rigakafi kafin ya fara aiki. Mai taɓa jini da mahaifar dabba da hannu tsirara yana iya ɗaukar bakkale. Ramin masai da na ruwan kwata kuwa suna tara iska mai guba wadda ke sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Kada a tura kowa ciki. A ɗauko motar zuƙa.

A biya lada a ranar da aka yi alkawari. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, bisa dokar 2024, Naira 70,000 ne a wata, kuma ko da dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ita ce ma'aunin da lebura zai auna ubangidansa da shi. Ɗaukar ƙananan yara don arahar ladansu ya saɓa wa dokar ƙwadago, kuma aiki ne da ya fi ƙarfin jikinsu. A naɗa wa kowane rukuni shugaba guda wanda zai zagaya da mai ba da aiki bayan an gama, a sa hannu a takarda cewa an yi.

RAJISTA DA YARJEJENIYA

Ana yi wa sunan sana'a rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma ana iya yi ta intanet. Da takardar ne ake buɗe asusun banki da sunan sana'ar, ake kuma neman kwangila. Majalisar Kula da Lafiyar Muhalli ta Nijeriya, wadda asalinta dokar 2002 ce, tana ba masu sana'ar tsabtacewa da feshin ƙwari lasisi. Jami'an duba-gari na Ƙaramar Hukuma su ne mafi kusa da za su nuna wa mutum hanya, kuma gara ya je musu da ƙafarsa kafin su zo masa.

Kowace yarjejeniya, komai ƙanƙantarta, a rubuta ta. A faɗi iyakar filin da za a share, da ranakun aiki, da wanda zai kawo ruwa, da ranar biya, da mai taki, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi. A sa kuma sharaɗin sake duba farashi duk bayan wata uku ko shida. Lokacin da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kuma duk wanda ya ɗaure kansa da farashin shekara guda babu wannan sharaɗi, da aljihunsa ya cika giɓin.

Kasuwar kanta tana iya tsayawa. A farkon Mayun 2012 'yan bindiga sun kai mata hari, aka yi hasarar rayuka da dabbobi masu yawa. A 2020 dokar kulle saboda annobar korona ta taƙaita zirga-zirga a ƙasar baki ɗaya. A ƙarshen Fabrairun 2021 kuma ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, motoci suka tsaya cik. A irin wannan lokaci mai wankin mota ba ya ganin ko sisi, alhali ma'aikatansa suna da iyali. Saboda haka a ajiye abin da zai biya lada na wata biyu ko uku a asusu daban, a kuma nemi aiki a wajen kara tun ana zaune lafiya: kasuwar hatsi, da tashoshin mota, da makarantu, da ɗakunan shan magani, da bankunan cikin gari. Sai dai kayan aikin kara su tsaya a kara. Takalmi da burushi da bokitin da suka taɓa kashin shanu kada su shiga makaranta ko asibiti, a saya wa waɗannan wurare nasu daban, a shafa musu fenti mai launi daban don kada a ruɗe.